Taku Uku

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare waya ta tashe ni.
Dakta Rakiya ce daga Barnawa:
hoton ƙashin wani yaro ya ƙi isa Kawo,
'yar da'irar allo sai zagaye take
kamar akuya a turke.

Na zura silifas, na tada babur.
An ɗauke ruwa, kwalta na ƙyalli,
karnukan Kakuri ma sun gaji da haushi.

Ɗakin mahaɗa sanyi kamar cikin randa,
fankoki na ta gunaguni.
Akwatinmu a hagu, na su Shekwolo a dama,
taku uku tsakani, na taɓa aunawa.
Zare ɗaya rawaya ya haɗa mu,
ko kaurin tsinken tsire bai kai ba.

Fitila kuwa koriya shar.
Na'urorin na gaisawa irin ta surukai:
Ina nan, kana nan? Ina nan.
Duk rabin minti, ba fashi.
Gaisuwa tsagwaronta, ba mai miƙa wa wani komai.

Sai na bi sawu.
Na saki saƙo, na zuba ido in ga inda zai yada zango.
Abuja. Legas.
Ya tsallake teku, ya sha ruwa a Landan,
ya juyo da ƙafa duk laka,
sannan ya yi sallama a Kawo,
Kawon da mai keke zai kai ka kafin shayi ya huce.

An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.
Wanda ya faɗa bai ga uwa a bencin asibiti ba,
yaro a cinya, hannu a karye.

Na kira Shekwolo da faɗa a bakina.
Ya ɗauka da muryar barci, jariri na tsala kuka a gefe.
Na ce kun daina shelar hanyoyinku.
Ya ce, Tanimu, tun Talata muke shela.
Sabbin lambobi ne, na aiko maka.
Je ka tambayi mai gadinka.

Mai gadina jeri ne da na rubuta da hannuna:
wanda ke ciki ya shigo,
wanda babu, ya koma inda ya fito.
Layi tamanin da bakwai.
Na bi su da ɗan yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
A na sittin da uku na cije ta.
Ɗari da arba'in da biyu,
inda ɗari da ashirin da huɗu ya kamata ya zauna.

Talata da la'asar, na tuna:
hannu ɗaya a kan madannai, ɗaya cikin ƙullin gyaɗa,
hankali na can makarantar su Ummita, an kusa tashi.
Kwana uku maƙwabci na buga ƙofa,
mai gadi na cewa ban san ka ba.

Laifi tudu ne. Ga ni tsaye a kan nawa,
ina leƙen na wani da tocila.

Na goge, na gyara,
na ce wa na'ura: sake tambayar maƙwabcinki.
Shiru na numfashi biyu.
Sai ga hanyoyi suna shigowa
kamar 'yan biki an zare sakata.
Na sake bin sawu: mu, su, Kawo.
Shi ke nan.

Dakta ta rubuto kalma biyu: Ya je.
Shekwolo ya yi hamma a kunnena, ya ce,
shayi da ƙwai uku, gobe, a Kabala,
kuma aljihunka ne zai yi bayani.

A kan gada na sassauta gudu.
Kogi ya cika ya batse, baƙi wuluk, yana tafiyarsa.
Fitilun kudu a bayana, na arewa a gabana.
Shekara shida akwatunanmu na kafaɗa da kafaɗa,
ban taɓa taka ƙofar gidansa ba.
Ko sunan jaririn ban sani ba.